A Rufe Makarantun Kwana Ko A Tsare Su?

Kwana huɗu ne kacal tsakanin Maga da Papiri. Da asubahin Litinin, 17 ga Nuwamba 2025, 'yan bindiga suka shiga sakandaren 'yan mata ta Maga a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tasa ƙeyar ɗalibai 25. Ranar Juma'ar makon aka wayi gari da labarin makarantar St. Mary's ta cocin Katolika da ke Papiri a jihar Neja, inda aka ce an kwashe yara fiye da 300 da malamai 12. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta rufe sama da 40 daga cikin kwalejojinta na haɗin kan ƙasa, jihar Neja ta rufe makarantunta kaf, Katsina da Filato da Yobe da Bauchi su ma suka bi sahu, kowace da irin nata umarnin. Tashoshin mota suka cika da yara masu akwatunan ƙarfe da naɗaɗɗun katifu, ana tsakiyar zangon karatu.

Tun daga lokacin gardamar da aka saba yi ta sake tashi, a majalisun unguwa da ɗakunan malamai da shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Wasu na cewa gwamnati ta yi abin da ya dace, wasu na cewa ta miƙa wuya ne kawai. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da baki, kuma duk wanda ya ce amsar mai sauƙi ce, wataƙila ɗansa ba ya kwana a irin waɗannan makarantu.

Masu goyon bayan rufewa suna farawa ne da maganar da kowane uba zai faɗa: da rai ake karatu. Sukan kafa hujja da Chibok. A watan Maris na 2014 jihar Borno ta rufe makarantunta na sakandare saboda hare-haren Boko Haram, makonni kaɗan bayan kisan gillar da aka yi wa ɗalibai maza a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a Yobe. Jarrabawar kammala sakandare ce ta mayar da 'yan matan Chibok ɗakunan kwanansu, kuma daga baya hukumar WAEC ta ce ta ba da shawarar a kai ɗaliban wani wuri mafi tsaro su rubuta jarrabawar. A daren 14 ga Afrilu aka sace 276. Har gobe akwai waɗanda ba su dawo ba. Da an bar makarantar a rufe, in ji masu wannan ra'ayi, abin da za a yi asara bai wuce jarrabawar shekara guda ba, ita kuwa jarrabawa ana sake ta.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi, domin ta shafi yadda aka gina makarantun tun asali. Yawancin sakandaren kwana na gwamnati a Arewa an kafa su ne a bayan gari, da gangan, a makeken fili inda hayaniyar kasuwa ba za ta dami ɗalibi ba. Abin da ya zama alheri a wancan zamani shi ne ya zama masifa yau. Duk wanda ya taɓa kwana a irin wannan makaranta ya san yadda take da dare. Ɗakunan kwana suna can ƙurya, bayansu gonaki, bayan gonaki daji. Katanga, in ma akwai ta, gaban makaranta kawai ta rufe don masu wucewa a titi su gani, ta baya kuwa ta zube tun daminar da ba a tuna ba, har awaki da ɗalibai masu satar fita sun yi mata hanya. Maigadi dattijo ne da tocila da gora, wani lokaci yana bin albashin watanni. Wutar lantarki sai an ga dama. Sabis na waya kuma sai an hau wani tudu kusa da filin ƙwallo. Lokacin da hotunan kwalejin kimiyya ta Kagara suka bazu bayan satar ɗalibanta a Fabrairun 2021, mutane da yawa sun fi mamakin cewa akwai yaran da ke kwana a waɗannan ɗakuna masu ɓallallun tagogi da rufin da ya yaye fiye da mamakin harin kansa.

Wannan wuri ne za a ce a tsare? Da wa? 'Yan bindigar nan ba su zuwa su biyar ko goma. Suna zuwa ne da ayarin babura, kowane ɗauke da mutum biyu ko uku. A kwalejin tarayya ta Birnin Yauri akwai 'yan sanda a bakin aiki ranar 17 ga Yunin 2021, aka fi ƙarfinsu, aka kashe ɗaya, aka kwashi ɗalibai da rana tsaka, wasu 'yan matan sai da suka yi kusan shekara biyu a daji. Ƙasar da 'yan sandanta ba su kai rabin miliyan ba ga jama'ar da ta haura miliyan 200 ba za ta iya girke runduna a kowace makaranta ba. Sannan ajiye sojoji a cikin harabar makaranta yana da nasa haɗarin, tunda yana mayar da ita sansanin da za a kai wa hari. Ita kanta yarjejeniyar kare makarantu ta duniya, wadda aka ƙulla a birnin Oslo a 2015 kuma Najeriya ta sa hannu a kai, tana jan kunne ne a kan amfani da makarantu wajen ayyukan soja. To in ba za a iya tsarewa ba, in ji su, tara ɗaruruwan yara wuri guda a bakin daji tallata haja ne ga masu neman kuɗin fansa.

Ɗaya ɓangaren ba ya musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake tambaya shi ne: yaron da aka sallama, ina ya tafi?

Ya koma ƙauyensu ne, kuma sau da yawa ƙauyen bai fi makarantar tsaro ba. Waɗanda ke shiga makaranta su ne ke shiga ƙauyuka su kwashi mata da yara, su tare hanyar kasuwa, su sa wa manoma haraji kafin girbi. Bambancin kawai shi ne in an saci yara goma a ƙauye, ba a jin labarin a Abuja, ballantana a kafafen yaɗa labaran duniya. Saboda haka masu adawa da rufewa ke cewa matakin ya fi kare sunan gwamnati fiye da ran yaro. Ko shawarar nan ta a mayar da makarantun kwana na jeka-ka-dawo ba ta tsira daga wannan suka ba. Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina ba ta kwana ba ce, amma a ƙarshen Mayun 2021 aka kwashe yaranta fiye da 100, ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a hannun masu garkuwa. A Kuriga ta jihar Kaduna kuwa, ranar 7 ga Maris 2024, da safe ne aka zo, daidai lokacin da yara suka gama taron safe za su shiga aji.

Akwai kuma asarar da ba a nuna ta a talabijin. Asusun UNICEF ya ce makarantu 11,536 aka rufe daga Disambar 2020 saboda sace-sace da matsalar tsaro, lamarin da ya shafi karatun yara kimanin miliyan 1.3 a shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021. Wannan a yankin da dama shi ne ke ɗauke da mafi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Rufe makaranta sa hannu ɗaya ne a takarda, amma dawo da ɗalibai aiki ne na shekaru. Yarinyar da ke aji biyar na sakandare, wadda dama da ƙyar aka shawo kan mahaifinta ya bar ta ta tafi, in ta zauna a gida wata huɗu ba a san ranar komawa ba, manema za su fara sallama, kuma ba za ka ga laifin uban ba in ya karɓi sadaki. Namiji kuma ya kama acaba, ko ya tafi wurin haƙar zinariya, ya ɗanɗana kuɗin hannunsa. Ita makarantar kwana ba don ƙawa aka yi ta ba. An yi ta ne saboda ƙauyuka da yawa ba su da sakandare a kusa, don haka duk ranar da aka ce ta koma jeka-ka-dawo, 'yan cikin gari ne kaɗai suka rage a rajista. A halin da ake ciki kuma 'ya'yan masu hali a Abuja da Kano da Legas suna aji, WAEC da NECO da JAMB ba sa ɗaga jarrabawa don Zamfara ta rufe makarantu. Zamfara ta yi hakan a Satumbar 2021 bayan harin makarantar Kaya a Maradun, sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu. Wani abin takaici shi ne, hana karatun boko shi ne burin da Boko Haram ta fito da shi ƙarara, yau kuma ga shi ana aiwatar da shi da hatimin ma'aikatar ilimi.

Na jima ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma abin da na lura shi ne kowanne yana jingina hujjarsa da wani abu da yake zaton gwamnati za ta yi daga baya. Mai cewa a rufe yana zaton za a yi amfani da hutun a gyara katanga, a kawo tsaro, a buɗe. Mai cewa a bari a buɗe yana zaton za a kawo tsaron tun yanzu. A mafi yawan lokuta ba a yin ko ɗaya. Ana rufewa, hankalin jama'a ya koma wani wuri, sannan a buɗe makarantar yadda aka bar ta, sai dai ƙarin ciyawa da jemagu a ɗakin gwaje-gwaje.

Ba rashin tsare-tsare ne ya jawo haka ba. A watan Mayun 2014, makonni bayan Chibok, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja tare da tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown, 'yan kasuwa suka yi alƙawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya ta ce za ta ƙara wata miliyan 10. A 2021 aka fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da kundin mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowace makaranta za ta cika, a watan Oktoban shekarar kuma Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya kan yarjejeniyar Oslo. A Disambar 2022 ma'aikatar kuɗi ta fito da shirin kashe naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026, aka ware biliyan 15 a kasafin 2023, aka kuma buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a hedikwatar sibil difens. Takardu dai ba a bar mu a baya ba. Amma a 2024 UNICEF ta duba jihohi 10 ta ce kashi 37 cikin 100 na makarantun ne kawai ke da wani tsarin gargaɗi na gaggawa. Kuɗin suna bi ta hukumomi da ma'aikatu da tarukan bita a otal, abin da ke isa teburin shugaban makaranta bai taka kara ya karya ba. Ga kuma kuɗin hukumar UBEC da jihohi ke bari jibge shekara da shekaru don sun ƙi biyan nasu kason, alhali kaso kaɗan daga ciki zai katange firamare da ƙananan sakandare masu yawa.

A nan ne nake ganin gardamar ta tsallake mutumin da abin ya fi shafa bayan ɗalibi. Shugaban makaranta shi ne ke kwana a harabar da iyalinsa, shi ne mai unguwa ko ɗan banga ke raɗa wa cewa an ga baƙin babura a bakin rafi, shi ne kuma za a fara tuhuma in abu ya faru. Amma ba shi da ikon sallamar ɗalibai sai ya samu izinin ma'aikata, in ya yi gaban kansa takardar tuhuma na jiransa, a ce ya tayar da hankalin jama'a. Ba shi da kuɗin da zai sayi fitilar sola guda goma ba tare da ya roƙi ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai ba. An ɗora masa nauyin rayuka an hana shi abin ɗaukarsa.

Idan aka bi labaran hare-haren nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ke maimaita kansa shi ne tazarar da ke tsakanin gargaɗi da hari. Ƙungiyar Amnesty ta ce an sanar da sojoji sa'o'i huɗu kafin a shiga Chibok, rundunar ta musanta. A Dapchi, inda aka sace 'yan mata 110 a Fabrairun 2018, gwamnan Yobe na lokacin Ibrahim Gaidam ya ce an janye sojoji daga garin kafin harin, sojoji suka ce sun miƙa wa 'yan sanda, 'yan sanda suka ce ba a yi haka ba. A Maga gwamna Nasir Idris ya ce an samu rahoton sirri, an tura sojoji, amma suka bar wurin jim kaɗan kafin maharan su iso. A Papiri gwamnatin Neja ta ce makarantar ta buɗe ne duk da umarnin rufewa, shugabannin cocin suka ce ba wata takarda da ta iso gare su. Ba sai mutum ya yanke hukuncin wa ke da gaskiya ba kafin ya ga inda gizo ke saƙa: labari yana zuwa, amma babu wanda aka rubuta sunansa cewa shi ne zai ɗauki mataki, cikin minti nawa, kuma wa zai hukunta shi in bai ɗauka ba. Sauran duk ihu ne bayan hari.

Wasu malamai sukan yi dariya in an kawo maganar horarwa da atisaye. Wane atisaye ne zai tare harsashi? Gaskiya ne, ba zai tare ba. Amma a Chibok da Dapchi maharan sun zo ne da kayan sojoji, suka ce wa 'yan matan su fito a tsere da su, wasu kuma suka hau motocin da ƙafafunsu. Yaran da muka tarbiyyantar a kan cewa ba a yi wa babba musu, balle mai kaki, ba wanda ya taɓa zama da su ya ce: in kun ji harbi da dare, muryar wane da wance kawai za ku bi, ga ƙofar da za ku fita, ga gidan da za ku taru. Waɗanda suka kuɓuta a yawancin hare-haren nan dabarar kansu ce ta fisshe su, wasu sun haura katanga, wasu sun ɓuya a banɗaki ko ƙarƙashin gado. Koyar da wannan bai buƙatar biliyan ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka batun rajista. A Kankara, a Disambar 2020, an kwashe kwanaki ana jayayya kan yawan yaran da aka sace kafin a sako 344. A Kuriga an fara cewa 287, da aka sako 137 gwamnati ta ce su ke nan. Makarantar da ba za ta iya faɗin adadin yaran da suka kwana a cikinta jiya ba, tsaronta ya lalace tun kafin a ji ƙarar babur. Kiran suna da dare, littafin masu fita da shiga, sanin wa ke kawo itace da wa ke sayar da ƙosai a bakin ƙofa, waɗannan tsofaffin dokokin ladabtarwa ne da aka yi sakaci da su, kuma yanzu sun zama maganar rai da mutuwa, musamman da yake kowa ya san ba a shiga makaranta da dare ba tare da ɗan gari ya nuna hanya ba.

Sai dai wasu dokokin suna buƙatar a sake duba su. Hana ɗalibai riƙe waya yana da dalilinsa na tarbiyya, ba na jayayya da shi, amma ɗakin kwana mai yara ɗari ba tare da waya ko ɗaya ba ganganci ne. A ba uwar ɗaki ko babban firifet ƙaramar waya mai caji da kati, da lambobi uku da aka tabbatar ana ɗagawa. Kulle ɗakin kwana da kwaɗo ta waje, da sa ƙarafa a kowace taga don tsoron ɓarayi, shi ma yana iya zama ajali in wuta ta tashi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga abin da gobara ke yi wa yara a aji, a Yamai a Afrilun 2021 da Maraɗi a Nuwambar shekarar, inda azuzuwan zana suka kama da wuta yara aƙalla 20 suka rasu a kowane. Shugaban da ke tunanin ɗan bindiga kaɗai zai iya gina wa ɗalibansa tarko da hannunsa.

To ina na tsaya? Ina tare da masu rufewa a kan cewa akwai makarantun da ba za su tsaru ba a inda suke, a wannan yanayi, kuma barin yara a cikinsu don kada a ce gwamnati ta ji tsoro caca ce da 'ya'yan talakawa. Inda na rabu da su shi ne rufewar bai-ɗaya, wadda ke haɗa makarantar tsakiyar Minna da ta bakin dajin Kainji a takarda guda, da kuma rufewar “har sai abin da hali ya yi”. Umarnin rufewa da bai faɗi ranar da za a sake duba lamarin ba, bai faɗi makarantar da ɗaliban za su koma ba, bai faɗi wanda zai biya kuɗin motarsu da abincinsu ba, sallama ce kawai aka yi musu. An taɓa gwada abin da ya fi haka: a ƙarƙashin shirin 2014 an ɗauki ɗalibai sama da 2,000 daga Borno da Yobe da Adamawa aka rarraba su a kwalejojin tarayya na wasu jihohi suka ci gaba da karatu. Yana da tsada, yana cunkusa azuzuwa, wasu iyayen ma ba za su yarda 'yarsu ta yi nisa ba. Duk da haka ya fi a ce wa yarinya ta je gida ta jira sanarwa a rediyo.

Abin da zan nema wa shugabannin makarantu kuma abu biyu ne da ba su fi ƙarfin kowace jiha ba. A rubuta a doka cewa shugaban da ya samu sahihin gargaɗi yana da ikon kwashe ɗalibansa zuwa cikin gari a daren, ya sanar da ma'aikata da safe, kuma ba za a tuhume shi ba ko da harin bai zo ba. Sannan a riƙa tura kuɗin tsaro kai tsaye asusun makaranta kowane zango, a ƙarƙashin idon kwamitin gudanarwar da ya haɗa da iyaye da mai unguwa da limami ko fasto, a manna lissafin a allon sanarwa. Za a ce wasu shugabannin za su ci kuɗin. Za su iya, amma wanda ya ci kuɗin katangar da shi da 'ya'yansa ke kwana a bayanta ya fi sauƙin kamawa fiye da wanda ya ci su a ofis a babban birnin jiha.

Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin binciken kuɗaɗen shirin kare makarantu bayan Maga da Papiri. Majalisun jihohi su ne suka fi kusa da matsalar, tunda yawancin sakandaren kwana na jihohi ne, kuma kwamishinan ilimi yana zuwa gabansu kowace shekara kare kasafinsa. A wannan zama ya kamata a tambaye shi makarantu nawa aka rufe tun daga 2020, nawa aka buɗe, ɗalibai nawa ne ke rajista ranar rufewa, nawa suka dawo ranar buɗewa, maza nawa mata nawa, kafin a amince masa da ko sisin kwabo.